An Tafi Da Ɗana Yaye Ba Da Sanina Ba

Assalamu alaikum Malama, barkanki da aiki, Allah ya ƙara basira. Don girman Allah ki sakaya sunana da na unguwarmu, ki ce kawai wata baiwar Allah ce daga cikin garin Katsina. Dangin maigidana ba sa bari shirin nan naki na rediyo ya wuce su, musamman ƙanwarsa, wadda ita ce kanwa uwar gami a duk abin da zan faɗa maki.

Abin da nake so ki tambayar mani likitar da kike gayyatowa shi ne, wai da gaske nonon mai ciki yana lalata yaro? Don a kan wannan maganar aka raba ni da ɗana. Watansa 14, ko tafiya bai ƙware ba, sai ya dafa bango. Ni kuma ina da ciki wata 6. Ranar Talatar da ta wuce na yi sammakon zuwa awo don in samu layi, na bar shi da yayarsa wurin maƙwabciyata. Kafin in dawo bayan azahar surukata ta zo daga Daura ta ɗauke shi, wai ta tafi da shi yaye. Ba ta jira ni ba, ba ta kira ni ba. Kuma da sanin ubansa, don shi ma ya kai su tasha a kan babur ɗinsa.

Bari in koma baya kaɗan don ki gane irin zaman da muke. An ɗaura mana aure a 2019, bayan na gama NCE. Shi mutumin Daura ne, amma a nan Katsina muke haya, ciki da falo. Sana'arsa hatsi da wake, yana bin kasuwanni, ran Lahadi Mai'aduwa yake ci. Da aka cire tallafin mai a 2023, sannan aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin da aka yi can, jarinsa ya karye ƙarƙaf. Wa ya riƙe gidan? Keken ɗinkina da kuɗin adashina. Har 'yan kunnen gwal da Innata ta yi mani na aure na sayar aka cika kuɗin haya, kuma ko Innar ban faɗa mawa ba, da ta tambaya na ce suna wurin gyara. Ba gori nake yi ba Malama, so nake ki san ba macen banza ba ce ke rubuto maki. A lokacin nan ban ga ƙeyar kowa daga Daura ba. Ko kwanon gero ba a aiko mana da shi ba, alhali suna noma.

Yaron sunan mahaifin maigidana ya ci, shi ya sa muke ce mashi Abba. Tun ran suna Hajiya, surukar tawa, ta ɗauke shi tana juyi da shi tana cewa ga mijinta ya dawo. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, don wasan kaka da jika ne. Ashe ita har zuciyarta take nufi. Ita babbar, Ummi, mai shekara 4, ko goro Hajiya ba ta taɓa tsaga mata ba, tunda sunan Innata ta ci.

Maganar cikin nan kuwa, ni aka ɗora wa laifin, wai na yi kwanika, ba ni da kawaici, 'yan boko ba su san kunya ba. Malama, ni kaɗai na yi cikin? Bayan haihuwar Abba jinina ya hau sosai, ma'aikaciyar asibiti ta zaunar da ni ta ce in huta aƙalla shekara 2 kafin wani cikin, ta nuna mani allura da kuma na hannu da ake ce wa ashana, ta ce in zo da maigida a yi mana bayani tare. Na same shi cikin dare da ladabi na faɗa mashi. Ya ce sai ya yi shawara. Shawarar tasa ba da malami ba ce, ba da likita ba, da Hajiya ya yi. Ta ce ita 9 ta haifa ba ta taɓa sanin wata allura ba. Magana ta mutu a nan. Yau kuma bakin da ya hana shi ne yake zagina.

To, da damina ta kama sai Abba ya fara gudawa da zazzaɓi, ga haƙora suna fitowa. Ya rame, ban musa ba. Na kai shi asibitin unguwa, aka zagaya mashi zaren awon nan mai launi uku a damtse, ya tsaya a ruwan ɗorawa. Nas ɗin ta ce bai kai ja ba tukuna, amma in ya kai ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ya zama tamowa mai tsanani. Ta ba mu garin ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc ta kwana 10, ta ce in riƙa ba shi kunun gyaɗa da ƙwai da wake da miyar zogale, in dawo da shi a sake awo. Na tambaye ta maganar nono, ta ce kada in kuskura in cire shi a wannan halin, yaron da ke gudawa nono ne gatansa, cikin da nake da shi bai mayar da nonon guba ba, sai dai ni in ƙara cin abinci. Na san za ki ce ai an riga an ba ni amsa. An ba ni, amma ni aka ba, shi bai ji ba. Da na maimaita mashi cewa ya yi ƙirƙira na yi. In ya ji daga bakin likita a rediyo wataƙila ya shiga kunnensa.

Ni na taɓa raka wata 'yar uwata cibiyar masu tamowa ta Ƙofar Sauri, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke aiki. Na ga yara kwance da robar abinci a hanci, ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja ya kakkarye. Da yawa in kika tambayi uwar sai ta ce bayan yaye ne abin ya fara. Shi ya sa ba na iya barci.

Da na dawo daga awon ranar, abin da na tarar a tsakar gida takalminsa ne ƙafa ɗaya a bakin rariya, da ɗan kofinsa mai hannu biyu, sauran kunun da na dama mashi da asuba ya yi kauri a ciki. A wannan kofin kaɗai yake yarda ya sha abu. Ba su ɗauka ba. Ba su ɗauki gidan sauronsa ba, ba su ɗauki sauran zinc ɗin ba, katin rigakafinsa ma yana cikin jakata don tare nake ajiye shi da katin awona. Wata mai kamawa zai cika wata 15, lokacin allurar ƙyanda ta biyu. Sannan masu bi gida-gida suna ba yara maganin rigakafin zazzaɓin damina wata-wata, ya sha na zagayen da ya wuce, katinsa na wannan ma yana hannuna. Wa zai tuna da wannan a can? Maƙwabciyar tawa ta ce yana ta miƙa hannu yana kuka har suka sha kwana, Hajiya tana cewa na yini biyu ne zai manta. A daren nan ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse, ko hannu ba na iya ɗagawa, rigata ta jiƙe sharkaf. Ummi kuma ta tasa ni gaba da tambaya, wai laifin me Abba ya yi aka kore shi, ita ma za a kore ta in an haifi sabon?

Na kira wayar ƙanwar tasa, don Hajiya ba ta ɗaga tawa. Ina jin muryarsa a bayanta, ta dushe. Ta ce mani, "Anti, ki kwantar da hankalinki mana, ai ba yau aka fara yaye a gidan nan ba, har ya fara cin tuwo." Na ce gudawar fa? Ta ce ana ba shi jiƙo. Na ce jiƙon me? Ta yi dariya. Sai can ta saki baki ta ce Hajiya ta duba bakinsa ta ga beli ne ke hana shi cin abinci, an yi wa wanzami magana. Malama, da kyar na hana a cire mashi belin nan yana jariri, na yi ta kuka ran suna har aka bar shi da aski kawai. Yanzu yaron da jininsa ya yi ƙasa za a sa wa aska a maƙogwaro? In jini ya ɓalle fa? Wannan yarinyar da take ce mani Anti a waya, ita ce ta zo hutu wurinmu ta ci ta sha, na ɗinka mata kaya kyauta, ta koma ta ce wa uwarta wai yini nake a kan keke da waya, yaro yana yawo a ƙasa yana cin ƙasa.

Akwai maganar da suke ta yayatawa cewa na zagi Hajiya, gara ki ji ta daga bakina. Zuwanta na baya, na fito daga wanka na same ta ta matse yaron a cinya ta toshe mashi hanci tana ɗura mashi wani baƙin ruwa, yana shaƙewa. Na karɓe kofin na zubar, kowace uwa haka za ta yi. Ta ce ita zan koya wa raino, ita da ta haifi 9? Na ce Hajiya ki yi haƙuri, amma ai cikin 9 ɗin 5 ne suka rayu. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma ban ɗaga murya ba, kuma ba ƙarya na yi ba, shi da kansa ya ba ni labarin. Ta ɗauki gyalenta ta fita ko sallama babu. Tun daga nan ta ƙulla ni. Don haka ni na san yayen nan ba don lafiyar yaro aka yi shi ba, ramuwa ce. Ai ko Alƙur'ani shekara biyu cikakku ya ambata ga mai son cika shayarwa, kuma ya ce in za a yaye sai da yardar uwa da uba da shawararsu. Ina tawa yardar?

Ga kuma jinin nawa. A awon ranar ya kai 150 bisa 100, an ce daga 140 bisa 90 ya hau ke nan. An ba ni magani, an ce in na ji ciwon kai mai tsanani ko na fara ganin dishi-dishi ko fuskata ta kumbura in garzayo ko tsakar dare ne, don jijjiga ake gudu. An ce lallai a asibiti zan haihu, kuma in nisanci kanwa da gishiri mai yawa. Amma tsarin da aka yi ba da ni ba shi ne, in wata ya kama a kai ni Daura in haihu a ɗakin Hajiya, ta yi mani wankan jego na kwana 40 da ganyen darbejiya da kunun kanwa, wai a lokacin zan ga Abba. Wata 3 ke nan ba zan sa ɗana a ido ba, tsakanin Katsina da Daura, tafiyar da ba ta kai ta awa 2 ba.

Af, ban faɗa maki ba. Washegari da safe na saka hijabina na ɗauki jaka na ce zan bi su in kai mashi ko da kofin da katin ne. Baban Ummi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Maman Ummi, in kika taka ƙafarki Daura ba da izinina ba, a bakin aurenki." A gaban yarinyar ya faɗa. Tun daga ranar bai sake maganar ba, yana shigowa ya ci abinci ya kwanta. Akwai saki ɗaya a tsakaninmu tun kafin haihuwar Abba, amma wannan tsohuwar magana ce, kuma ita ma Hajiya ce sila.

Na je wurin Innata ina kuka, ta ce in yi haƙuri, kowa haka aka yaye shi, ita ma kakarta ce ta yaye ta a ƙauye, kada in kashe aurena da ciki a gaba. Ta ce kada in bari Babanmu ya ji, shi ma hawan jini gare shi, kuma in ya ji ba zai tsaya wata-wata ba zai ce in dawo gida. Yayana kuwa cewa ya yi in ba shi dama ya ɗauki mota ya je ya ɗauko yaron ko suna so ko ba sa so.

To Malama, in ni ban je ba, yayana ne ya je da sunana, sharaɗin ya hau kaina? In kuma na tsaya a garin Mashi da ke kan hanya ban shiga garin Daura ba, aka kawo mani shi na gan shi, ya ya ke nan? Ki tambayar mani malamin da kuke kawowa ran Juma'a. Kuma in nono ya ƙafe kafin a dawo mani da shi, ana iya dawo da shi? Ina ta matsewa safe da dare don kada ya tsaya, ban san ko hakan zai taɓa cikin ba. Don Allah ki karanta wasiƙar nan a shirin wannan makon kada ki ajiye ta sai na gaba, an ce wanzamin ran Asabar zai zo.

Taki,
Maman yara, daga Katsina.