Maganar tsohon jirgin nan da ka turo min

Assalamu alaikum aminina, da fatan kana lafiya kai da iyali, ya Fatakwal ya ruwan sama naku da baya ɗaukewa. Mu nan Ringim Alhamdulillah an gama girbin gero, masu fadama sun fara tayar da injinan ban ruwa don haka shago a cike yake, shi yasa kaga ban baka amsa da wuri ba.

Naga bidiyon da ka turo min a WhatsApp na tsohon jirgin nan mai farfela biyu da yake tashi a kan jar ƙasa yana tada ƙura, kace wai akwala ce kuma ko kyauta aka baka kujera bazaka hau ba. To Malam wannan jirgin sunansa DC-3, Turawan Ingila suna ce masa Dakota, kuma da wannan sunan marigayi kawu yake kiransa, ka tuna ai yayi leburanci a filin jirgin Kano yana saurayi. Wallahi ni a duk abin da ɗan adam ya ƙera da ƙarfe babu wanda nake ganin girmansa kamar wannan jirgi, bari kaji dalili.

Kamfanin Douglas na Amurka ne ya ƙera shi, ya fara tashi ranar 17 ga Disamba 1935, a 1936 ya fara ɗaukar fasinja, mutum 21 yake ɗauka a farko daga baya aka riƙa ƙara kujeru har wajen 30. Na fasinja zalla da aka yi basu wuce ɗari shida da ɗoriya ba, yaƙin duniya na biyu ne yasa aka zuba shi kamar me, sojojin Amurka suka sa masa suna C-47, Rasha da Japan suma suka ƙera nasu, in aka haɗa duka sun haura 16,000. Da aka gama yaƙi a 1945 sai gasu birjik babu aikin yi, aka riƙa sayar da su da araha, ta haka suka bazu duniya har ƙananan kamfanoni suka samu na fara sana'a. Douglas sun daina ƙera shi tun shekarun 1940 amma har gobe akwai waɗanda suke aiki, a Kolombiya suna kai mutane da kaya garuruwan cikin daji inda mota bata zuwa, a arewacin Kanada ma suna jigila cikin ƙanƙara. Akwai guda ɗaya a Amurka da yayi sama da awa 90,000 a sama, ka lissafa kaga shekara goma kenan cur da ɗoriya yana shawagi.

Abin da yasa ya daɗe haka shine inda nake so ka tsaya ka fahimta. Jiragen yanzu suna hawa can sama sosai inda iska bata isar mutum numfashi, dole sai an matsa iska a cikin jirgin, to duk tashi ɗaya jikin jirgin sai ya ɗan kumbura in ya sauko ya koma, yau da gobe ƙarfen sai ya gaji ya fara tsagewa, kamar dai yadda kake lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye. Wannan ciwon ne ya tarwatsa jiragen Comet na Ingila a 1954. Shi kuwa Dakota ba a matsa masa iska, ƙasa-ƙasa yake tafiya abinsa, gudunsa ma kilomita ɗari uku da wani abu ne a awa, don haka gangar jikinsa bata shan waccan wahalar. In an kiyaye shi daga tsatsa ana duba fuka-fukan a kan lokaci to zai kai jikoki.

Injin kuma, nan ne ni abin yake burge ni a matsayina na bakanike. Kowane ɗaya silinda 14 ne an jera su a zagaye layi biyu bakwai-bakwai, babu lagireto iska ce take sanyaya shi, kowace silinda fulogi biyu gareta saboda in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe, kaga fulogi 28 kenan a inji guda. In ya kwana a ajiye baƙin mai yana tsiyaya ya taru a silindojin ƙasa, shi yasa kafin a tayar sai an juya farfelar a hankali an tabbatar babu mai da ya toshe, in ba haka ba fiston ya bugi mai wani abu ya lanƙwashe a ciki. Hayaƙin nan da ka gani a bidiyon lokacin da ya tashi, wanda ya baka tsoro, ragowar man nan ne yake ƙonewa, da inji yayi zafi shikenan ya wuce. Kuma su basa jira sai inji ya buga, awa suke ƙirgawa ana rubutawa a littafi, da ya cika awanninsa ko lafiyarsa ƙalau sai an sauke shi an yi masa garambawul. Wallahi wannan abin yana min ciwo in na kalli manomanmu, mutum zai sayi injin ban ruwa da kuɗin shinkafarsa ta shekara, bazai canza baƙin mai ba sai yayi kauri, ranar da ya tsaya a tsakiyar rani ya kawo min yana salati.

Ban ce maka babu hatsari ba fa. Jirgin da yake tafiya ƙasa-ƙasa cikin hadari yake kutsawa, kuma mutanen Kano na da sun san wannan, a watan Yuni 1956 wani jirgin kamfanin BOAC na Ingila mai farfela huɗu, Argonaut, ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Kano cikin hadari mutum 32 suka rasu, Allah ya kyauta. Sannan man da Dakota yake sha fetur ne na musamman mai tsada da wuyar samu, ba kananzir ɗin jiragen zamani ba, shi yasa wani kamfani Basler a Amurka yake sayen tsofaffin yana sa musu sabon inji mai shan kananzir, irinsu ne suke zuwa har Antaktika.

Abin da yake damuna mu Kano fa jirgi ya fara sauka a cikinta tun 1925, lokacin yaƙi jiragen da aka haɗa a Takoradi ta ƙasar Ghana ta nan suke bi su wuce Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira, Nigeria Airways ma da Dakota ta yi aiki kafin jiragen Fokker su zo, amma yaranmu da yawa ko sunansa basu taɓa ji ba. Ina so in kai su Abba filin jirgi bayan sallah ko daga nesa su ga tashi da sauka, in ka samu wani bidiyon da aka nuna cikin injin a buɗe don Allah ka turo min zan nuna wa yaran shago.

Batun shinkafar da kace a saya maka, ka ɗan dakata sabuwa ta fito kasuwa farashi zai sauko, zan kira ka. Inna tana gaishe ka tace yaushe zaka kawo mata amarya ta ganta. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Ringim