Barka da Sallah daga birnin Liyon na Faransa, da maganar sunan Abba

Inna,

Assalamu alaikum. Barkanku da Sallah, ku da Baba da duk mutanen gida. Allah ya karɓi layya, ya maimaita mana. Na san a wannan lokacin an riga an kafe raguna a ƙofar gida, hayaƙi ya rufe unguwa, yara suna ta faɗa a kan kayan ciki. Mu nan mun yi Idi da sassafe, na cire babbar riga na sa kayan aiki, don ba a ba da hutu. Ragon ma ban gan shi da rai ba. A ƙasar nan ba a yanka a gida, sai a mahautar da hukuma ta yarda da ita, gobe zan je in karɓo naman a leda.

Yaya ya faɗa mini ranku ya ɓaci da hoton Abba da na aiko, wanda aka rubuta Gabriel a jikin jakarsa. Wai kun ce mun je Faransa mun sa wa jikanku sunan Nasara. Inna, ku kwantar da hankalinku. Sunan da liman ya raɗa masa shi ne a takarda, sunan marigayi Kaka, Jibrilu. Na san ba za ku faɗa ba, sunan suruki ne, ku ci gaba da Abbanku. Matar da ke renonsa da rana ce ta rubuta haka, don bakinta ya fi sabawa da shi. Na je da niyyar yi mata faɗa, sai ta ce ai mala'ika ɗaya ne. Kuma gaskiyarta.

Asalin sunan daga Ibrananci yake, harshen Bani Isra'ila. Ƙarshensa, "el", Allah ke nan, farkonsa kuma ƙarfi ne, shi ya sa ake fassara shi da "Allah ne ƙarfina". Kiristoci sun ce Gabriel ne ya zo wa Nana Maryamu da albishir ɗin haihuwar Annabi Isa, abin da mu ma malamai suka karantar da mu a Suratu Maryam. Mika'ilu, wanda aka ambata tare da shi a Baƙara, su Michel suke ce masa. Har rana suka ware musu a kalanda, 29 ga Satumba. Nan kowace rana da sunan waliyyinta, in mai labarin yanayi ya gama a talabijin sai ya faɗi masu sunan gobe, a yi musu barka.

Abin da ya ba ni dariya, mu da muke ganin mun zaɓi sunan tsofaffi, ashe mun faɗa tsakiyar yayi. Hukumar ƙididdigarsu, INSEE, tana fitar da jerin sunayen jarirai duk shekara, kuma Gabriel ne na ɗaya a maza a 2021 da 2022 da 2023, ya bar su Léo da Raphaël da Louis a baya. A farkon 2024 ma wani Gabriel Attal ya zama firaminista yana ɗan shekara 34. Ran nan a filin wasan unguwarmu wata uwa ta ƙwala kira "Gabriel!", yara uku suka waiwayo, har da naku, hannunsa cike da yashi.

Akwai abin da ban taɓa faɗa muku ba. A nan dole a rubuta haihuwa a ofishin magajin gari cikin kwana biyar, da suna da komai. Mu kuwa sai ranar bakwai. To, ma'aikaciyar ofis ta riga kowa jin sunan Abba, ta riga Baba, ta riga liman. Na tsaya gabanta ina faɗar harafi ɗaya ɗaya, kunya ta kama ni kamar na yi sata. Na riƙe bakina kwana biyu har aka yi suna. Da ma a ce da can ne, da abin ya fi haka wuya: wata doka ta 1803, zamanin Napoleon, ta taƙaita mutane ga sunayen kalanda da na mutanen tarihin da. Sai a 1993 aka sake wa iyaye mara. Duk da haka alƙali yana iya hanawa, don wasu sun so sa wa 'yarsu Nutella, sunan cakulan da ake shafa wa burodi, kotu ta mai da shi Ella.

Na ce wa mai renon ta gyara rubutun jakar, ta gyara, amma bakinta har yanzu Gaby yake cewa. Uwarsa tana gaishe ku ƙwarai. Kuɗin barka da Sallah na yara suna hannun Yaya. In an sami mai tahowa, a ɗaure mana soyayyen nama kaɗan da yaji.

Ɗanku.