Ku mayar wa mutanen gari wasansu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na wasanni na ranar Asabar, kuma wallahi raina ya ɓaci. Mai gabatarwa ya buɗe baki ya ce wai Janar Abner Doubleday ne ya ƙirƙiro wasan besbol, wanda ake dukan ƙwallo da sanda, a garin Cooperstown na Amurka a 1839, har da maimaitawa, kamar a gabansa aka yi. Haba Malam! Tatsuniyar da su kansu Amurkawa suka daɗe da yarwa, ita kuka tsinto kuka kawo mana da Hausa?

A 1839 ɗin nan Doubleday ɗalibi ne a makarantar horar da hafsoshi ta West Point. Ya mutu a 1893 bai taɓa cewa wasan nasa ne ba. Sai da ƙasa ta rufe masa ido, a 1907, wani kwamiti da attajirin kayan wasanni Albert Spalding ya sa aka kafa ya naɗa masa wannan rawani, hujjarsu kuwa wasiƙar wani tsoho mai suna Abner Graves, wanda yake ɗan shekara 5 a 1839. Burinsu kawai a ce wasan ba shi da dangi a Ingila.

Da kuka ba soja ɗaya wasan, kun ƙwace shi daga hannun masu shi, wato manoma da masu sana'a da yaransu. Daidai yake da wani ya tashi ya ce ga sunan mutumin da ya ƙago langa, ga kuma ranar. Tun a 1791 garin Pittsfield na jihar Massachusetts ya kafa dokar hana buga besbol kusa da sabon zauren taron gari, don kada a farfasa musu gilasan taga. Doubleday ko haifarsa ba a yi ba. Wasan ranar taro ne. In an fita liyafar gari, ko ta coci, ko bikin 4 ga Yuli na samun 'yancin kan Amurka, mata su shimfiɗa abinci a inuwa, maza su kafa turaku a makiyaya a raba gida biyu, ko nawa aka samu. Kowane gari da dokarsa. A wasu wuraren ma jifan mai gudu ake yi da ƙwallon, in ta same shi ya fita.

Ni ba a takarda kaɗai na san wannan ba. A Columbus ta jihar Ohio nake neman abinci, kuma maƙwabcina, wani dattijo Bature, ya taɓa jan mu da iyalina zuwa wani fili inda ake buga wasan da dokokin 1860. Kowa ya zo da kwandon abincinsa, maiɗakina ta yi dafa-duka, kafin a fara wasa tukunyar ta kusa ƙarewa don Turawan nan ba su yi mata da sauƙi ba. 'Yan wasan ba mai safar hannu, da tafin hannu ake cafe ƙwallo. Mai jifa daga ƙasa yake wurgo ta, a hankali, don mai sanda ya samu ya doka. In ta taɓa ƙasa sau ɗaya aka cafe, mai dukan ya fita. Alƙalin wasa da doguwar hularsa yana gefe, wani lokaci har 'yan kallo yake tambaya me suka gani. Bayan an tashi suka ce duk mai so ya shigo. Na shiga, ɗana ya shiga, da wata tsohuwa da jikokinta. Yatsana ya kwana a kumbure, amma rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta. Ina janar a nan?

Ko 'yan kulob ɗin Knickerbocker na Niyok da suka rubuta dokokinsu a 1845, jirgin fito suke shiga su haye zuwa Hoboken, filin Elysian Fields, wurin da mutanen birni ke zuwa shan iska. A can aka lallasa su 23 da 1 ranar 19 ga Yuni, 1846. Duk wannan ba ku ambata ba, kuka yi tsalle sai maganar miliyoyin dalolin da ake biyan 'yan wasan yau.

Sannan, don Allah, kiɗan nan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar mai magana ya yi yawa. A mota nake sauraronku, sai na ƙure rediyo kafin in tsinci abin da ake faɗa, in an zo talla kuma ya kusa fasa min kunne. Ku ja kunnen mai haɗa sautin.

Ina jiran gyara a shirin Asabar mai zuwa, kuma a bakin wanda ya yi maganar.

Naku,
Mai sauraro daga Columbus, Amurka