Wasiƙa kan Binciken Haɗewar Bankuna

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na san shirun ya yi tsawo. Abin da ya ɓoye ni shi ne binciken nan da na faɗa maka, na yadda Bank of the North, inda iyayenmu suka riƙa karɓar albashi a Kano, ya narke cikin Unity Bank.

Ka san tushen maganar. A watan Yulin 2004 gwamnan Babban Bankin Najeriya, Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, ya ba da wa'adi zuwa ƙarshen Disamban 2005. Da wa'adin ya cika, bankuna 89 suka koma 25, kuma Unity Bank ya samu ne daga haɗuwar bankuna 9, har da Intercity da Tropical Commercial. Wannan kowa yana iya samunsa a intanet, amma abin da nake nema, wato halin da kowane banki yake ciki kafin a haɗe da kuma abin da masu hannun jari suka tashi da shi, sai a ɗakin karatu.

Wata ma'aikaciya a can ce ta ɗora ni a hanya, Allah ya saka mata da alheri. Ta ce kamfanin da aka haɗe a tsohon sunansa ake nemansa, domin da sunan aka jera rahotanninsa na shekara-shekara. Daga nan ta ɗauko mini rahotannin NDIC, hukumar inshorar kuɗin da jama'a suke ajiyewa a bankuna, da na Babban Banki, da ɗaurarrun jaridun 2005 waɗanda takardarsu ta yi ja har tana karyewa a gefe. A shafukan talla, ba a kanun labarai ba, ake samun sanarwar taron masu hannun jari da kotu take ba da umarnin a yi, kuma a ganina wanda bai karanta irin waɗannan ba bai fara binciken ba tukuna.

Dubi batun bankunan Access da Diamond a 2019. An ce haɗewa ce, amma takardar tsarin haɗewar ta nuna cewa mai hannun jari a Diamond ya karɓi naira 1 kan kowane hannun jari, tare da sababbin hannayen jarin Access 2 a madadin kowane 7 nasa, sannan sunan Diamond ya ɓace. Daga wannan lissafin kaɗai mutum zai gane wanda ya haɗiye wani.

Roƙona shi ne ka duba mini ko ɗakin karatun jami'arku yana da rumbun bayanan cinikin kamfanoni na kwamfuta, ko da kwafin takardar tsarin haɗewar UBA da Standard Trust ta 2005 ce, domin ina son in gwada ta da ta Unity kafin in rubuta babi na uku.

Ka gaida mini mutanen gida da yara.

Naka har kullum,
Abokinka