Sanarwa: haɗa konsol ɗin fitila da sabar bidiyo

Salam ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Masu ta tambaya kan yadda ake sarrafa bidiyo kai tsaye daga konsol ɗin fitilun dandali, ga bayani.

Konsol kamar grandMA ko Avolites yana ɗaukar sabar, wato kwamfutar da ke kunna bidiyo, Resolume ce ko Hippotizer, tamkar wata fitila ce kawai, kowane leya na bidiyo (shimfiɗar hoto da ake ɗorawa ɗaya kan ɗaya) da nashi tashoshin DMX (tsarin da konsol ke aika wa fitilu umarni da shi), wannan na zaɓar fayil, wancan na haske, wani na saurin gudu, haka dai. To amma ku tuna layin DMX ɗaya tashoshi 512 ne kacal, kowace tasha kuma daga 0 zuwa 255 take, shi ya sa wajen matsar da hoto ake haɗa tasha biyu don kar ya riƙa tsalle-tsalle a allo. Leya kaɗan sun cinye layin, gara a koma Art-Net ko sACN, hanyoyin tura layukan DMX da yawa ta kebul ɗin netwok.

Don Allah kar a ɗora wannan kan wayfai ranar taro, ni dai ban yarda da shi ba sam. A kuma duba lambar yunibas (wato lambar kowane layin DMX) da kyau, Art-Net daga 0 yake fara ƙirga, sACN daga 1, nan ake yawan rikicewa har a ce sabar ta ƙi ji. Wanda konsol ɗinsa da sabarsa ke da CITP, tsarin musayar bayanai tsakanin konsol da sabar, ya kunna, zai ga ƙananan hotunan bidiyon a gabansa ba sai ya haddace lambobi ba.

Mai tambaya ya ajiye ta nan cikin rukuni don kowa ya amfana.