Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamin Da Ya Tambayi Wanda Ke Biyana

Assalamu alaikum, Malam, tare da gaisuwar girmamawa.

Ranar Asabar da ta wuce, a taron da aka yi a Tudun Wada kan makomar ganuwar Zazzau, ka miƙe a bainar jama'a ka tambaye ni dalilin da ya sa nake ɓata lokacina wajen auna ramuka da tarkacen simintin da sojan Ingila suka bari a gefen filayen jirgin sama, alhali ganuwarmu tana zubewa. Sannan ka ɗora da cewa ko dai Turawa ne ke biyana. Na yi shiru a wurin saboda furfurarka, amma wannan magana ta biyu ta hana ni barci.

Malam, ba Bature ne ya haƙa ramukan nan ba. Daga watan Satumba na 1940, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa Bahar Rum ta gagari jiragen ruwan Ingila, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Gana, a harhaɗa su, su tashi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, su ratsa Sudan har Masar. Kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Tsoron hari kuwa ba na banza ba ne, domin Nijar tana hannun gwamnatin Faransa mai biyayya ga Hitila, Damagaram ga ta nan bayan Daura, kuma a Janairun 1942 wani jirgin Jamus ya ƙetaro Sahara ya jefa bam a filin Fort Lamy, ya ƙone man jirage mai yawa. Saboda haka aka tanadar wa filayen kariya. Wa kake zaton ya riƙe diga da shebur, ya ɗauki kwandon ƙasa a ka cikin zafin bazara? Kakanninmu ne, a shekarun da ake ɗibar 'yan'uwansu daga lardin Zazzau ana kai su aikin tilas na haƙar kuza a Jos, wasu kuma ana horar da su aikin soja a Dafo, nan Zariya, kafin a wuce da su yaƙi a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu.

Takardun da ke taskar adana tarihi ta Kaduna da ta Landan sun kiyaye sunayen hafsoshi da lissafin galan na mai, amma da wuya ka ci karo da sunan lebura. Abin da ya rage masa shi ne aikin hannunsa, kuma karanta shi ne sana'ar mai ilimin kufai. Tudun ƙasa mai siffar kofaton doki yana nuna inda ake ajiye jirgi shi kaɗai, don kada bam ɗaya ya cinye jirage goma. Ramin ɓuya ana haƙa shi a karkace, ba a miƙe ba, don kada ɓaraguzai ko harsashi su share shi daga farko zuwa ƙarshe, kuma ko bayan ya cike, ciyawar da ke kansa takan fi ta gefe duhu a farkon damina. Da'irar siminti mai ƙusoshin ƙarfe a tsakiya mazaunin bindigar harbo jirgi ce. Idan aka zana waɗannan a taswira ɗaya, za a ga ta wace kusurwa ake jiran abokin gaba.

Batun ganuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Shekara goma sha biyu na yi ina kai ɗalibai Kufena da Turunku, tsofaffin mazaunan Zazzau, kuma duk wanda ya san ni ya san da aljihuna nake sayen man mota. Ban taɓa ganinka ba ranar da muka je roƙon masu yin tubali su daina yasar ƙasa a gindin ganuwa kusa da Ƙofar Gayan, kuma ina zargin cewa zaɓen shugabannin kwamitin ganuwa da ke tafe ne ya sa ka nemi wanda za ka nuna da yatsa.

Abin da ya fi damuna shi ne hannun da ke cin ganuwa shi ne ke cin ramukan. Masu yanka filaye suna baje tudu da katafila cikin wuni ɗaya, 'yan gwangwan suna fasa siminti don rodi, tsofaffin da suka ga jiragen da idonsu kuma sun kusa ƙarewa. A Ingila, tsakanin 1995 da 2002, masu aikin sa-kai sun rubuta wuraren tsaro na zamanin yaƙi kusan 20,000, a Umuahia ma an adana ramin ɓuyar Ojukwu ana zuwa kallo, mu kuwa mai ɗaukar awo muke tuhuma.

Littafin kuɗin aikina yana nan, a shirye nake in buɗe shi a gaban jama'ar da ka yi tambayar a gabansu. Bayan haka ina gayyatarka ka biyo mu fili kafin ciyawa ta rufe ƙasa, tunda gani ya kori ji. Mukan tashi daga Samaru da ƙarfe 6 na safe.

Wassalam.