Amsa ga Baba Dattijo kan waƙar Bach

Baba, barka da hutawa. A taron mawaƙan ikilisiya ka tambaye ni a gaban jama'a: wannan doguwar waƙar wahalar Almasihu ta Bach, Bajamushen nan mai tsara kiɗa, da nake yawan yabo, ibada ce ko kuwa Turawa ne kawai ke nuna gwaninta? Tunda a fili ka yi tambayar, bari in amsa a fili.

Bach bai tsara ta don a tafa masa ba. A cocin Saint Thomas da ke Leipzig a Jamus, inda yake shugaban mawaƙa tun 1723, aka fara rera ta a 1727, ranar Jumma'ar tuna gicciye. Kashi biyu ce, wa'azi a tsakiya. Ƙashin bayanta Bisharar Matiyu sura 26 da 27, a fassarar Jamusanci ta Martin Luther, sai baitocin wani marubucin waƙa mai suna Picander da waƙoƙin da duk mai zuwa coci ya haddace. Ƙungiyar mawaƙa biyu, ta makaɗa biyu, kusan awa uku.

Ga inda ta kama ni. Yesu ya ce ɗayanku zai bashe ni, sai muryoyi su rikice, kowa na cewa "Ubangiji, ni ne?" Sau goma sha ɗaya cif, ba na Yahuza a ciki. Kafin shi ya buɗe baki, sai mawaƙa su amsa da waƙar ikilisiya: ni ne, ni ya kamata in ɗauki horon. Ka ga ke nan an hana mai sauraro nuna wani da yatsa. Haka bayan Bitrus ya yi musu ya fita yana kuka, murya ɗaya da gogen Turawa ɗaya su daɗe suna roƙon jinƙai, har ka manta cewa laifin Bitrus ake magana.

Duk sanda Yesu ke magana kuma, akwai amon goge a hankali kewaye da muryarsa. Da ya kai ga "Allahna, don me ka yashe ni?" sai gogen ya yi tsit. Wanda ya tsara haka ya zauna da nassin sosai.

Amma damuwarka tana da tushe, Baba. Bayan mutuwar Bach a 1750 waƙar ta kwanta, sai a 1829 wani mai tsara kiɗa mai suna Mendelssohn, yana ɗan shekara 20, ya tashe ta a Berlin, a zauren kiɗa, ba a coci ba. Yau da yawa tikiti suke saye, su yaba murya, su tafi gida. Wannan kam nishaɗi ne, ban musa ba.

Ba na cewa yaranmu su koye ta duka. Ba mu da makaɗan, kuma Jamusanci ba wasa ba ne. Abin da nake roƙo ka ba mu minti goma a horon ranar Asabar, in kunna wurin tambayar almajiran, kowa da Littafi Mai Tsarki buɗe a Matiyu 26. Ka zo ka zauna tare da mu, in ka ji ka yanke hukunci.

Ɗanka a cikin hidima.